Godiya ga 'yan ajin 1995 da duk wanda ya taya mu karrama Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin da 'yan ajinmu na 1995 suka ɗora wa nauyin taron ranar Asabar, ina miƙa godiya ga wanda ya zo, da wanda ya aiko, da wanda uzuri ya tsare amma ya bi mu da addu'a. An taru lafiya, an watse lafiya. Waɗanda suka taso daga Gusau da Birnin Kebbi da Kaduna da Abuja duk sun bugo sun ce sun isa gida. Alhamdu lillahi. Tun a zaman farko aka yi yarjejeniya ba za a kama sunan kowa ba, domin da wanda ya ba da dubu biyu da wanda ya ɗauke mana abinci gaba ɗaya, benci ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha. Kowa dai zai gane kansa a ciki.

Godiya ta farko ta Malam ce, malamin wasanninmu, wanda dominsa aka haɗu, sannan iyalinsa da suka yarda muka fito da shi duk da ciwon ƙafar da ke damunsa. Da muka je gida kai masa takardar gayyata, cewa ya yi bai ga abin karramawa ba, aikinsa ya yi gwamnati ta biya shi albashi. A gaban idonsa muka ce, Allah gafarta Malam, a nan kam ba mu yarda ba. Albashin na aji ne, daga safe zuwa azahar. Babu wanda ya taɓa biyansa tsayuwar da yake yi a fili daga sallame la'asar har a kira magariba, a rana irin ta Sakkwato, wadda a watan Afrilu takan wuce digiri 40. Abokan aikinsa a lokacin suna gona, ko suna tsare shago, ko suna hutawa a gindin darbejiya. Shi yana cikin ƙura da usur a wuya yana fama da 'ya'yan mutane. Wannan yammacin nasa muka taru mu gode masa a kai, ba darasin da ya rubuta a allo ba.

Hirar da aka yi bayan cin abinci ita ce ta cinye jadawalin, kuma ban ga laifin mai gabatarwa da ya ƙyale ta ba. Da maganar shata fili aka fara. Idan gasar gida-gida ta ƙarato, cikin hunturu, babu fenti babu komai. Malam zai kafa turke ya ɗaura igiya, ya yi ta awo da tef har zagayen ya cika mita 400, mu kuma muna biye da gwangwanaye muna zuba tokar da aka kwaso daga kicin ɗin makaranta. Da dare iska ta taso ta share rabi, gari ya waye a koma. Daga baya ne ya samo baƙin mai a wurin wani bakanike, layi ya riƙa kwana. Kyautar wanda ya zo na ɗaya ba ta wuce bokitin roba ko sabulu ko littafin rubutu ba, sai gulukos da ake zuba maka a tafin hannu idan ka iso. Wani Alhaji daga cikinmu ya amsa da bakinsa cewa bai taɓa shiga gudu don ya ci ba, gulukos ɗin kawai yake bi.

Sai aka tono gardamar da ta ƙi mutuwa: wa ya yar da sanda a gudun miƙa sanda, shekarar da Gidan Ja ya ƙwace kofi daga hannun Gidan Kore? Mai miƙawa yana wurin, mai karɓa yana wurin, dukansu da furfura, kowa na rantsuwa ba shi ba ne. Aka kai ƙara gaban Malam. Ya dube su ya ce, "Ku biyun kunka yar da ita. Kai ba ka duba hannu nai ba, shi ko ya tashi tun ba ka iso ba." Gidan Kore dai har aka tashi ba su karɓi hukuncin ba.

Amma duk wanda ya san Malam ya san ƙwallon hannu ne a zuciyarsa. Yakan ce wasan talaka ne: ƙwallo ɗaya ta ishi yara goma sha huɗu, bakwai kowane gefe, filin kuma mita 40 ne a tsayi, 20 a faɗi, ko a bayan aji sai a shata shi. Taku uku, daƙiƙa uku, ka rabu da ita. Wanda ya taka layin mita shida, wanda hurumin gola ne shi kaɗai, ya san zagayen fili na jiransa. A ranar Asabar an ce wa golanmu na wancan lokaci ya nuna yatsansa da ya karkace, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, aka yi ta tafi. Da yawa daga cikin matasan da suka zo ba su san garin nan yana da suna a wannan wasa ba. Rima Strikers ƙungiyar jiharmu ce, tana bugawa a babbar gasar ƙasa, kuma an sha kawo gasar ƙasa ta yara 'yan ƙasa da shekara 12 da 15 nan Sakkwato, a filin wasa na Giginya. Wannan suna ba daga sama ya faɗo ba. Malaman makaranta irin namu ne suka yi ta shuka shi a filaye marasa ciyawa.

Mutanen Gusau da na Kebbi sun sha tsiya a wurin hirar, su ma kuma sun rama. Lokacin da muka shiga aji ɗaya a 1989, jiha ɗaya muke, tun daga Illela har Yawuri da Zuru da Tsafe. A 1991 aka cire Kebbi muna ƙaramar sakandare, Zamfara kuwa sai 1996, bayan mun fita da shekara guda. Shi ya sa tafiya gasa a wancan zamani tafiya ce ta gaske. A bayan babbar motar makaranta, kan bencina, da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, a kwana a ajin makarantar da ta karɓi baƙi. Idan an gama wasan da ya kai mu, da dare sai a ɓalle da langa tsakaninmu da masu masauki, kuma a nan ne yaran ƙauye ke rama abin da 'yan birni suka yi musu a ƙwallo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tunawa da wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya, 1994. Malam ya fito da talabijin ɗinsa baranda, muka cika tsakar gidan har kan katanga. Zambiya ta fara ci, Emmanuel Amunike ya zuba biyu, aka tashi 2-1. Muna ihu muna yi wa Zambiya dariya sai ya kashe sautin. Ya tuna mana cewa shekara guda kafin nan, a 1993, jirgin da ya ɗauko 'yan wasansu ya faɗa teku kusa da Gabon, babu wanda ya tsira, waɗannan da muke gani sabuwar ƙungiya ce aka harhaɗa, ga su kuma har wasan ƙarshe. Ya ce wanda bai iya girmama wanda ya kayar ba, kada ya sake zo masa fili. Mutum uku ne suka ba da wannan labari ranar Asabar, kowa da irin nasa ƙarin gishiri, amma maganar Malam ba ta canza a bakin kowa ba.

Godiya ta musamman ga likitan ajinmu, wanda ya kafe cewa babu mai shiga wasan tsofaffi sai an auna jininsa. Ya hana wasu, har da kyaftin, aka yi ta ƙorafi. Gaskiyarsa. Waɗanda aka bari ma minti goma kowane zagaye ya gagare su. Malam daga kan kujera ya busa usur, ya kuma ba ɗan kwamiti jan kati saboda gardama da alƙali. Ban da targaɗe ɗaya da wando ɗaya da ya yage, an fita lafiya.

Yanzu ga waɗanda a ganina suka fi mu cancantar zama kusa da Malam a ranar: masu horar da yara a unguwanni, da muka gayyato daga Runjin Sambo da Mabera da Arkilla da Gidan Igwai. Ɗaya tela ne, ɗaya mai gyaran babur, ɗaya malamin firamare, ɗaya kuma ko aikin kirki bai samu ba tukuna. Babu mai biyansu. Da suka karɓi lasifika dariya ta ɗauke a rumfar. Sun ce filayen unguwa gini na cinye su ɗaya bayan ɗaya. Sun ce ƙwallo ɗaya sai a kai ta wurin mai faci har ya ce ba ta gyaruwa. Sun ce iyaye da yawa kallon zaman banza suke yi wa abin, kuma lokacin la'asar da muka yi namu wasan yanzu na Islamiyya ne, babu kuma kocin da ke son a ce shi ya hana yaro karatu. Telan ya faɗi dabararsa: atisaye mai nauyi sai Alhamis da Juma'a, ranakun da makarantun allo da yawancin Islamiyyu ke hutu, da safiyar Lahadi. Kuma yaro ba ya karɓar riga sai ya kawo sakamakon jarrabawa. Da ya faɗi haka muka waiwaya muka dubi Malam, domin dokarsa ce tun muna yara, telan kuwa bai taɓa zama ɗalibinsa ba. Ashe wanda ya koya wa telan ƙwallo, Malam ne ya horar da shi.

Sun taɓo abubuwa biyu da nake roƙon iyaye su ji da kyau. Na farko rage shekaru. Uba da kansa zai kawo saurayi mai gemu ya ce a rubuta sha huɗu. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin alfahari ne, amma tun gasar 2009 da aka yi a ƙasar nan FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. Ƙaryar ba ta kai yaro ko'ina, kuma ɗan sha huɗun gaskiya shi ke zama a benci har ya haƙura ya bar wasan. Na biyu 'yan damfara masu zuwa da sunan wakilai, su ce a kawo kuɗin biza za a kai yaro gwaji Turai. An sayar da gona a kan wannan, an sayar da babur. Kowane uba yana hango Shehu Abdullahi, ɗan garin nan da ya ci tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma je kofin duniya a Rasha a 2018. Allah ya ƙara mana irinsa. Amma a ajinmu kaf babu wanda ya ci abinci da ƙwallo, kuma babu wanda ya tashi ranar Asabar ya ce Malam ya ɓata masa lokaci.

Da aka ba Malam dama ya yi magana, bai daɗe ba. Ya yi godiya ga rigar da lambar yabon, sannan ya nuna kocin unguwannin da sandarsa ya ce, "Ɗiyana, ni kam na gama nawa. In da gaske kuke, ku dubi waɗanga. Ba kuɗi kaɗai ba. Ku taho fili ku tsaya, yara su gane ku." A nan take aka yi alkawarin ƙwallaye da ragar gola da akwatin magani. Ni dai abin da nake tsoro shi ne rabin maganar kawai za mu ɗauka, domin tura kuɗi ta waya ya fi tsayuwa a rana sauƙi. Wata 'yar'uwa, matar ɗaya daga cikinmu kuma malamar makarantar 'yan mata, ta tambaya ko a cikin kayan akwai rabon ɗalibanta, tunda su ma suna ƙwallon hannu kuma ƙwallonsu ɗaya. Babu wanda ya yi wannan tunani a kwamiti sai da ta faɗa. An saka su, mun kuma gode mata.

Muna godiya ga shugaban makaranta na yanzu da ya buɗe mana fili da ɗakin taro, da ɗaliban da suka share wuri suka jera kujeru, da matanmu da suka kwana kan masa da miyar taushe, da mai fura da ya ƙi karɓar cikon kuɗinsa da ya ji taron na wane ne. Haka limamin da ya buɗe da addu'a ya rufe da addu'a. An karanta sunayen 'yan ajinmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan. 'Ya'yan marigayi mai tsaron bayan ƙungiyarmu, mai lamba biyar, sun zo, babban ya karɓi hoton ƙungiyar da mahaifinsa ke ciki. Allah ya raya su.

Ma'aji zai fitar da lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe kafin Juma'a, duk mai tambaya ya yi ta a fili. Waɗanda suka yi alkawarin kaya su miƙa wa ma'aji kafin ƙarshen wata, domin mun ce wa kocin unguwannin da bakinmu za mu kai musu har fili. An raba unguwannin huɗu tsakanin mazauna gari, kowa ya duba inda sunansa ya faɗa. Sannan akwai hula zanna ɗaya, da tabarau, da makullin babur da aka tsinta a rumfa, suna hannuna. Mai wandon da ya yage kuma, telan ya ce a kawo, kyauta zai ɗinke.

Wassalam.
Sakataren kwamiti, Sakkwato.