Abin da zan fita da shi daga garejin Oga

Ƙarshen watan nan zan tattara kayan aikina in bar garejin da na yi shekaru a cikinsa. Abokan sana'a kowa da abin da yake hasashe, wasu su ce kuɗi ne, wasu su ce na samu mai buɗe mini nawa wurin. Gaskiyar magana, wata Marsandi C240 ce ta raba ni da Oga. An daɗe da yin abin, zuciyata ce ta ƙi saki.

Motar wani Alhaji ce, tsohon kwastomanmu. Ya kawo ta yana cewa tana cikin tafiya sai ta maƙale a giya ta biyu, ko ya taka totur sai gurnani kawai, ba ta ƙara gaba. Duk wanda ya saba da giyabos ɗin 722.6, wato giyabos mai canja giya da kansa da ke cikin irin wannan mota, ya san wannan hali. Ƙwaƙwalwar giya, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa giyabos, ita ce ta ga saƙon da bai gamsar da ita ba, sai ta tsare motar a giya ɗaya don kada a yi ɓarna. Ba lallai ne ita ce ta lalace ba. Na jona kwamfutar gano ciwon mota, ta nuna lambar matsalar sensar gudu. Kafin in ce uffan na shiga ƙarƙashin motar, na murɗe zoben soket ɗin nan mai fil 13 da ke gefen giyabos ta gaba, na zaro shi. Man giya ya biyo ni har gwiwar hannu. Na fito na ɗaga kafet ɗin wajen ƙafar mai zama gefen direba, na kwance farantin ƙarfen, na ciro ƙwaƙwalwar. Soket ɗinta a jiƙe sharkaf, da na karkata ta sai ga mai ya ɗigo a tafin hannuna, ya yi duhu, ga warin ƙuna.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne. Zobban roba biyu ne a jikin mazaunin soket ɗin ƙasa. In sun tsufa sai mai ya shiga, ya riƙa bin cikin wayoyi yana hawa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, har ya isa ƙwaƙwalwa. Tsohon mai kuwa ba ya rasa garin ƙarfe a cikinsa, shi ne ke rikita saƙon da sensa ke aikawa.

Na samu Oga na ce, "Oga, mai ne ya hau waya. Mu canja mazaunin soket, mu wanke wayoyin, mu buɗe ƙwaƙwalwar mu tsabtace ta bushe, sannan mu gwada. In lambar ta dawo sai mu duba farantin sensa da ke kan balbodi, mai rarraba mai a cikin giyabos. Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe."

A gaban Alhaji da yara masu koyon aiki ya yi dariya. Ya ce, "Kai Injiniya, tun kana goye nake kwance giyabos. A ina ka taɓa ganin mai ya hau sama? Ko ruwa gangare yake bi." Ya juya ya ce wa Alhaji ƙwaƙwalwa ta ƙone, za a yi odar 'yar Beljiyam daga Legas. Ban shiga zuciyarsa ba, amma na san abin da ake samu a kan ƙwaƙwalwa ba a samun kwatankwacinsa a kan mazaunin soket, wanda noti ɗaya mai lamba 7 ke riƙe da shi, ana canja shi kafin shayi ya huce.

Kaya suka iso, ni aka sa in ɗaura. Na duba lambar jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar, na saita ta da kwamfuta, na goge soket ɗin sama iyakar ƙoƙarina. Na sake roƙon Oga ya bari a canja na ƙasa, ya ce in yi abin da aka sa ni. Mota ta tashi lafiya lau, giya na shiga sumul, Alhaji ya biya yana sa albarka. Ni kaɗai na san an toshe bakin rijiya ne an bar idon ruwa.

Ba a yi nisa ba aka dawo da ita, cuta ɗaya, lamba ɗaya. Ran Alhaji a ɓace. Ina tsaye a wurin Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, yi haƙuri, yaron nan ne bai ɗaura ta daidai ba, shi ya ƙona ta." Na buɗe baki zan yi magana ya galla mini harara. Na yi shiru, domin an rene mu a kan ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Har yau in na tuna kallon da Alhaji ya yi mini sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Mutumin da a da yake cewa sai ni zan taɓa masa mota.

Bayan magariba, da kowa ya watse, Oga ya miƙo mini sabon mazaunin soket a leda, bai ko kalli fuskata ba, ya ce, "Sa wannan." Na sa. Na wanke wayoyin, na buɗe ƙwaƙwalwar na tsabtace, na cika mai na auna shi da zafinsa kamar yadda ake yi, a digiri 80, da sandar awo ta musamman, tun da motar ba ta zuwa da tata. Ko farantin sensa ba a taɓa ba. Tsohuwar ƙwaƙwalwar da aka ce ta ƙone, ita ma na wanke ta daga baya na gwada a wata mota, tana aiki garau. An sayar da ita. Ni kuma aka riƙa zaftare mini haƙƙina kaɗan-kaɗan da sunan biyan ɓarnar da ban yi ba.

Ga yaran da zan bari a can, tun da na san wasunku za su karanta wannan. Lambar da kwamfuta ta ba ka tana nuna inda ake kuka ne, ba wanda ya yi duka ba. P0700 ba ta ce ƙwaƙwalwa ta mutu ba, cewa ta yi ka shiga ɓangaren giya ka karanta abin da ke ciki. In ka ga U0101, injin ne ya daina jin muryar ƙwaƙwalwar giya, to fara da fis, da batir, da wayar nagetif da tsatsa ta ci. Batir mai lafiya volt 12.6 yake nunawa in mota a kashe take. A yawancin motocin baya-bayan nan, ka cire kan batir ka sa mita tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin da ake jona kwamfuta, ya kamata ka ga om (ohm) 60 ko kusa da haka. In 120 ka gani, akwai inda layin ya yanke.

Kada ka ɗaura sabon kaya ba ka gano abin da ya kashe tsohon ba. Kada ka yi wa mai giyabos ɗin 722.9, wanda ya zo bayan 722.6, alkawarin 'yar Beljiyam kai tsaye, tata ƙwaƙwalwar a cikin giyabos take, kuma a ɗaure take da motar da ta fito. Ka ɗauki hoton abin da ka gani da wayarka kafin ka goge, ka nuna wa mai mota da idonsa, ko Oga yana so ko ba ya so.

Ban ce ban ƙaru da shi ba. Shi ya koya mini jin ciwon giya da kunne, kuma ranar da zan tafi zan durƙusa in gaishe shi kamar yadda ya kamata. Amma kuɗin da ya yanke mini bai dawo da su ba, Alhaji kuma har gobe yana ganin ni na ƙona masa ƙwaƙwalwar mota. Na farkon na bar shi da Allah. Na biyun kam ban yafe ba tukuna.