Sashe na 5, a hasken tocila

Ƙanwata da ke aure a Daura ta kira ni da dare a farkon watan Agusta na 2023. Ina zaune a ƙofar gida a unguwar Birni ta Damagaram, a Nijar, duhu ko'ina, domin Najeriya ta riga ta yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina. Ta ce, "Yaya, wai da gaske ne sojojinmu za su shigo muku?" Na ce sojojin su wa, ke da aka binne cibiyarki a Damagaram? Ta yi dariya, sai kuma ta yi tsit. Ɗanta na fari a wurina yake karatu, yana kwance cikin zaure a lokacin.

Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba da wa'adin kwana bakwai, ko a mai da shi kan kujera ko a yi amfani da ƙarfi. Iyaka a rufe, motocin Kano sun yi cirko-cirko a tasha. A fadarmu ta shayi kowa ya zama masanin yaƙi, har da wanda bai taɓa harba ko da danƙo ba. Wani ɗalibin jami'a da ke zama da mu ne ya ce mu tsaya, Tinubu ba shi da ikon tura soja shi kaɗai. Muka yi masa ca. Shugaban Najeriya guda? Ya buɗo tsarin mulkinsu na 1999 a waya, ya kwafe sashe na 5 a takarda saboda caji ya kusa ƙarewa, yana karantawa da Ingilishi yana fassara mana, ni ina haska masa tocila.

Ga abin da ke ciki. Shugaba ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince. Ba za a tura soja faɗa a wajen Najeriya ba sai da yardar majalisar dattawa tukuna. Sai kuma wata ƙofa da aka bari: in tsaron ƙasa na cikin haɗari na gaggawa, shugaba zai iya tura soja wani ɗan taƙaitaccen faɗa, amma cikin kwana bakwai ya nemi yardar dattawa, su kuma su amsa cikin kwana goma sha huɗu. Wani dattijo a cikinmu ya ce ai wannan ƙofar raƙumi ma zai shige ta da kaya.

Ranar Asabar, 5 ga Agusta, dattawan suka zauna kan wasiƙar da Tinubu ya aika musu game da Nijar. Suka ce a bi ta sulhu da diflomasiyya. Shugabansu Godswill Akpabio ya ce wai dama ba a nemi izinin yaƙi daga gare su ba, to, ko ma dai mene ne, saƙo ya isa. Waɗanda suka fi tsayawa kai da fata su ne sanatocin arewa, kuma ba sai an tambayi dalili ba. Jihohi bakwai ne ke kan iyaka da mu, daga Kebbi har Borno. Sanatan da zai ɗaga hannu a jefa bam a Maradi ko Damagaram, gobe da wane ido zai shiga gaisuwar mutuwa a Jibiya ko Maigatari? Ban ce su kaɗai suka hana ba. Malamai sun yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, sarakuna sun sa baki, kuma CEDEAO ta ci gaba da maganar rundunarta har bayan nan. Amma a daren nan na yi barci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na Amurka, wadda ake kawo mana a matsayin madubi. Can ma majalisa ce ke da ikon ayyana yaƙi, kuma rabon da ta yi hakan a hukumance tun 1942. A 1973 suka yi doka duk da ƙin amincewar shugabansu Nixon, cewa shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48, ya kuma janye soja bayan kwana 60 in ba a ba shi izini ba. Duk da haka, da aka kashe sojojinsu huɗu tare da namu a Tongo Tongo da ke Tillaberi ranar 4 ga Oktoba 2017, sanata Lindsey Graham ya fito yana cewa bai san suna da soja masu yawa haka a Nijar ba. Mu nan ko mai tallan ƙosai ta san ana gina musu sansani a Agadez. Dokar tasu ta fi ta Najeriya tsufa da suna, sai dai babu sanatan da ƙanwarsa ke aure a Tillaberi.

Mu ma mun taɓa yin namu. A Fabrairun 2015, bayan harin Bosso da Diffa, sai da majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a kafin a ba da izinin tura soja Najeriya yaƙar Boko Haram. Na saurari labarin a rediyo ban ɗauke shi komai ba. Yanzu tsarin mulkin da ya wajabta hakan an jingine shi tun ranar juyin mulki.

Ƙanwata ba ta samu zuwa ba sai da aka buɗe iyaka a Maris na 2024. Ta tarar ɗanta ya fi ta tsawo. Takardar ɗalibin nan na jami'a tana cikin aljihun tsohuwar rigata, da tabon shayi a gefe.