Kujerar direba ta zauna, saura ta fasinja

'Yan'uwa masu koyon sauya wa mota kujera, ga inda na kai. Kujerar direba ta hau, tana zamewa gaba da baya ba ta cijewa, bel kuma yana kwanciya inda ya dace. Ta fasinja tana nan cikin kwalinta, da gangan na bar ta.

Kujerar irin ta tsere ce, mai rungume jiki, wadda bayanta ba ya kwanciya, kuma daga gefe ake ɗaure ta. Wanda ya gan ta a hoto zai ɗauka noti huɗu ne a gama. A zahiri hawa huɗu ne: firam ɗin ƙasa da aka ƙera don irin motarka, layukan zamiya a kansa, ƙarafan gefe guda biyu, sannan kujerar. Kowane hawa yana ƙara mata tsawo, kuma kowace mahaɗa wuri ce da za ta iya saki ranar da aka yi karo. Shi ya sa lokacina ya fi tafiya a ƙarƙashin kujerar. Tazarar ramuka ba ɗaya ba ce tsakanin kujerun kamfanonin Recaro da Sparco da Bride, don haka ku auna da tef kafin ku sayi layi, kada ku dogara da maganar cewa yana shiga kowace kujera.

Kafin na taɓa tsohuwar kujera na cire kan batir na nagatif, na jira lokacin da littafin motar ya ce. Kwamfutar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta tare mutum lokacin karo, tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera nata ne. Kada a gwada ɓangaren jakar da mitar awon wuta, domin ɗan wutar da mita ke turawa kan iya tayar da ita.

Layukan zamiya su ne suka fi cin hankali. Biyu ne, kuma dole su tsaya daidai da juna a faɗi da tsawo, haƙoran makullinsu su faɗa rami ɗaya a lokaci ɗaya. Yadda na yi: na tura layukan biyu har ƙarshen baya kafin na ɗora komai, na saka duk notuna da hannu ba tare da ɗaurewa ba, na auna faɗin gaba da na baya, sannan na auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan awon kusurwa biyu ya zo ɗaya, layukan sun miƙe. Daga nan sai ɗauri kaɗan-kaɗan, a ɗaure wannan a tsallaka na can, ana zame kujerar bayan kowane zagaye. Notin da aka ɗaure kujera ta fara nauyi, shi ne ya murɗe layin, a sassauta shi a duba ƙarƙashinsa. Ƙasan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kafet ma yakan shiga tsakanin firam da ƙarfe ya hana su haɗuwa sosai. Na yanke kafet ɗin a kewayen kowane rami don ƙarfe ya zauna kan ƙarfe.

Ku nemi layi mai kulle gefe biyu. Mai kulle gefe ɗaya yana barin kujera ta juya idan aka yi birki mai ƙarfi, ni kam ba zan sa shi ba.

Firam ɗin ya hau ramukan da kamfani ya yi, da notunansu na asali, domin a ƙarƙashin waɗannan ramuka akwai ƙarfen ƙarfafawa. Huda sabon rami a siririn falle a sa ƙaramar wosha ganganci ne. Ko a dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ana buƙatar aƙalla wurin ɗauri 4 ga kowace kujera, noti mai kaurin milimita 8 ko fiye, da farantin ƙarfe ta ƙasa mai faɗin santimita murabba'i 40 a kowane wuri. Duk notin da na ƙara, na duba kansa na ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Wanda ba lamba a kansa ba ya shiga wannan aiki. M8, wato noti mai kaurin milimita 8, mai lamba 8.8 yana ɗaukar ɗaurin kusan Nm 25 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), amma takardar da ta zo da kujera ita ce gaba, kuma da sufana mai auna ɗauri ake yi, ba da ƙarfin damtse ba. Tara woshoshi don ɗaga gaban kujera ma na ƙi shi. Ramukan ƙarfen gefe aikinsu ke nan.

Sai makullin bel. A motata yana jikin tsohuwar kujera ne, don haka na mayar da shi kan kunnen da aka walda wa sabon firam, da notinsa na asali. Zaren notin bel a motoci da yawa 7/16 UNF ne, wato na awon inci, ba na milimita ba, kada a cusa masa wani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hanyar da bel ɗin ƙugu ke bi. Gefen wannan kujera dogo ne, idan bel ya haura ta samansa sai ya ɗage daga ƙashin ƙugu ya koma kan ciki, wurin da ba ƙashin da zai tare shi. Na bi da shi ta ramin gefen kujerar, na zauna na ja, ya kwanta a kan ƙashi. Bel ɗin tsere mai madauri huɗu ban sa ba, tunda motar ba ta da ƙarfen kariya da za a ɗaura na kafaɗa a kusurwar da ta dace.

Zama kuwa, na taka kuloci har ƙasa gwiwa na lanƙwashe kaɗan, wuyan hannu yana kaiwa saman sitiyari kafaɗa na manne da kujera. Ƙofa tana rufuwa ba ta gogar fiffiken kafaɗa, hambirki ma yana tashi.

Dole in faɗa muku gaskiya kan jakar iskar gefe: ta tafi tare da tsohuwar kujera. Rizisto, ɗan ƙaramin kayan lantarkin da ake sa wa soket a madadin jakar, yana kashe fitilar dashbod ne, ya sa kwamfuta ta daina ganin matsala, amma ba ya dawo da kariyar da aka cire. Dokar wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ya kamata kamfanin inshora ya sani.

Wannan ne ya tsayar da ni a ɓangaren fasinja. A can akwai sensar nauyi cikin katifar kujera, ita ke gaya wa kwamfuta ko mutum na zaune, kuma a kanta ake yanke hukuncin tashin jakar gaba. Idan aka ruɗe ta da rizisto, kwamfuta ta daina sanin wanda ke wurin, babba ne ko yaro. Yanzu ina bin zanen wayoyin motar don ganin ko sensar za ta koma sabuwar kujera ta yi aiki yadda take yi. Idan ba za ta yi ba, tsohuwar kujerar fasinja za ta ci gaba da zama a wurinta.