Gangar da ta taɓa ɗaukar giyar rake

Lokacin da nake karatun kimiyyar abinci a Sikotlan, an tura ni wata uku wani ɗakin gwaje-gwaje da ke yi wa masu harkar wiski aiki. Ni ba na shan giya, kuma tun ranar farko na faɗa musu. Ba wanda ya matsa mini, domin aikina da na'ura ne da ƙananan kwalabe.

Abin da aka ba ni in bincika shi ne wiskin da suke kira single malt, wato wanda masana'anta ɗaya ta yi da tsiron sha'ir zalla. Dokarsu ta 2009 ta ce sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin ƙasar, gangar kuma kada ta wuce lita 700. Wasu, bayan ya yi shekarunsa, sukan juye shi cikin gangar da ta taɓa ɗaukar rum, giyar da ake yi da rake a tsibiran Karibiyan irin su Jamaika da Barbados, ya ƙara 'yan watanni. Haka masana'antar Balvenie da ke garin Dufftown ke yi da wiskinta mai shekara 14, Glenfiddich ma da mai shekara 21.

Da farko na ɗauka zaƙi kawai ake nema. Ashe gangar kanta doguwar tafiya ta yi. Da yawansu daga Amurka suka fito, inda doka ta ce bourbon, wato wani wiskin ƙasar, sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Wutar nan ita ke farfasa sinadaran itacen har ƙamshin banila ya fito. Daga nan gangar ta sha rum, katakonta ya jiƙa, sannan wiski ya zo ya tsotsi abin da aka bari.

Wata rana aka kawo mini samfuri daga ganguna biyu. Wiski ɗaya ne, rana ɗaya aka zuba, wata huɗu kowanne ya yi. Sakamakon ya fito daban ƙwarai: ɗaya cike da sinadaran da ke ba da ƙamshin ayaba da abarba, ɗayan kusan babu. Na ce na'ura ce ta samu matsala. Kwana uku ina wanke ta, ina sake gwaji, amsar ba ta canza ba. Raina ya ɓaci sosai, don na ga kamar duk karatuna bai tsinana mini komai ba.

Malamata ce ta ce in je ma'ajiyar in ga gangunan da idona. Wuri ne mai duhu da sanyi, ƙasa a jiƙe, iska duk ƙamshi, saboda kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ganga yana bin iska kowace shekara. Wani dattijo da ya tsufa a aikin ya buga gefen gangar da guduma ta katako har toshiyar ta yi tsalle, ya sunkuya ya shinshina, ya koma ta biyun. Ya ce, "Ɗana, wannan ta daɗe a waje babu komai a cikinta kafin a cika ta. Ta bushe, rum ɗin ya gudu." Muka duba littafin shigowar kaya, haka ne.

Nan take na tuna jarkar manja a gidanmu, wadda ko an wanke ta sau goma ruwan da aka zuba sai ya ɗauko warinta, da sabuwar randa mai sa ruwa ƙamshin ƙasa. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa kawo shi ɗakin gwaji ba.

Daga ranar na ƙara layi uku a takardar karɓar samfuri: me gangar ta ɗauka a baya, tsawon wane lokaci, kuma kwana nawa ta yi a bushe. Idan aka kawo kwalba babu amsar waɗannan, nakan ajiye ta a gefe in ɗauki waya in kira ma'ajiya kafin in kunna na'ura.