Kafin ka sayi matacin iska don shagon kafintanci

Na fara koyon kafintanci a kusa da Kasuwar Katako da ke Jos, kuma a lokacin babu wanda yake ɗaukar ƙurar katako a bakin komai. Idan yaro ya yi tari, sai maigida ya ce ya sha madara, a ci gaba da aiki. Bayan da na buɗe nawa shagon na sayi injin yanka da injin guga, na riƙa kwana da toshewar hanci da nauyin ƙirji, musamman a lokacin hunturu, domin sanyin Jos yana tilasta mana rufe ƙofa da tagogi, ƙurar kuma ta rasa hanyar fita. Sau uku ina kashe kuɗi a banza kafin na gane abin da ya kamata in saya, shi ya sa nake so ƙannena masu tasowa a wannan sana'a su ji yadda aka yi.

Da fari na kafa babbar fanka a tsakiyar shago, wadda ba ta yi komai ba illa tayar da ƙurar da ta riga ta kwanta. Daga nan na sayi ɗan ƙaramin matacin iska irin na ɗakin kwana, saboda an rubuta HEPA a jikinsa. Matacin HEPA na gaskiya yana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙurar da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma an ƙera wannan na'ura ne domin falo, kuma cikin 'yan kwanaki ta toshe, na zagaya gari ban sami madadin matacinta ba.

Kuskure na uku ya fi ci mini rai, domin shi ne mafi tsada. Na sayi injin zuƙe ƙura mai buhun yadi, na ga buhun yana cika da dusar katako, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe irin wannan buhu yana tare ƙwayoyi ne daga kusan maikiron 30 zuwa sama, alhali ƙurar da ke isa cikin huhu ba ta kai maikiron 10 ba. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70, ka ga ke nan abin da ke cutarwa ido ba ya ganinsa. Injin yana tattara manyan, yana feso ƙananan ta jikin yadin, mu kuma muna shaƙa. Ban gane ba sai wata rana da wuta ta ɗauke da magariba, na haska tocila, na ga iskar shagon kamar hazo.

Tun shekarar 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanci. Iroko, wanda muke alfahari da shi wajen ƙofofi, yana iya jawo asma, allon MDF kuwa, wanda ake matse garin katako a yi shi, yana fitar da ƙura mai laushi kamar gari, gauraye da gam ɗin da aka haɗa shi da shi.

Saboda haka, ƙanena, idan ka je sayen matacin iska na shago, irin wanda ake ratayewa a rufi, kada kyawun kwali ya ruɗe ka. Ka fara tambayar maikiron nawa matacin yake kamawa, kuma ka nemi mai maikiron 1 ko ƙasa da haka, wanda yake da mataci na waje da ake wankewa domin ya kare na ciki. Sannan ka auna shagonka. Nawa mita 6 ne a tsayi, 5 a faɗi, 3 zuwa rufi, wato kubik mita 90 idan aka ninka su, kuma tunda ana so a tace iskar wurin sau 6 zuwa 8 a kowace awa, ina bukatar na'urar da ke jan iska kubik mita 540 zuwa 720 a awa ɗaya. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko yana da matacin canji a ajiye, ka gan shi da idonka, domin "za mu kawo daga Legas" ba amsa ba ce. Kada ka manta da ƙarfin janaretonka, tunda shi ne zai ɗauki nauyin a mafi yawan ranaku.

Matacin da ake ratayewa a rufi yana share abin da ya tsere ne kawai, don haka bututun zuƙa ya kasance a bakin zarto da injin guga, inda ƙurar take fitowa. Ni na sanya durom a tsakanin bututun da injin zuƙe ƙurar, manyan ɓarɓashi suna zubewa a ciki, matacin kuma yana daɗewa bai toshe ba. Na rataye na rufin a gefen bango mai tsawo domin iska ta riƙa zagayawa, ina barinsa a kunne awa guda bayan an tashi idan akwai wuta. Duk yaron da zai yi aikin samfefa kuwa sai ya sanya takunkumin N95, kuma mun daina shara a bushe, sai an yayyafa ruwa a ƙasa tukuna.