Gizon da Ke Ƙetare Kogi a Madagaska

Daga Antananaribo, babban birnin Madagaska, zuwa garin Andasibe wajen kilomita 140 ne, amma sai da muka shafe awa huɗu a motar haya. Hanya ce mai kwana-kwana a kan tsaunuka, ga manyan motocin Toamasina, birnin tashar jiragen ruwa, sun tare titi. Yawancin baƙi indri suke zuwa gani, dabbar nan mai kama da biri da ke kuka da safe kamar jiniya. Ni kuwa gizo-gizo ne ya kai ni.

Da sassafe ɗan rakiyata ya shige gaba cikin dajin Mantadia, ina biye ina cire matsattsaku daga ƙafata. Da muka isa bakin kogi ya nuna sama. Ban ga komai ba sai da rana ta bugi raɓa. Zare ɗaya ne ya taso daga bishiyar da muke ƙarƙashinta har tsallaken ruwa, yanar kuma na rataye a tsakiya, saitin kogin.

Na ce, "To, ta ina ya ƙetare?"

Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ba 'ya' ba ne, 'ta' ce."

Macen ke hawa reshe ta saki zare cikin iska har ya maƙale a wancan gefen, sannan ta bi shi tana ƙara masa kauri. An auna irin wannan zare ya kai mita 25, faɗin yanar kuma murabba'in mita 2.8. A wurin take tare ƙwarin da ke tasowa daga ruwa, inda sauran gizo-gizai ba sa iya kafa tarko. Zaren ya ninka Kevlar, wanda ake rigar sulke da shi, juriya sau goma. Sai a 2010 masu bincike Matjaž Kuntner da Ingi Agnarsson suka bayyana wannan gizo ga masana, da sunan Caerostris darwini.

Mai wannan aiki duka tsawonta wajen santimita biyu ne kawai. Namijin bai kai rabinta ba, kuma takan cinye shi. Na tuna Gizon tatsuniyoyin kakata, mai yi wa Ƙoƙi wayo kullum. A nan da ya shiga uku.

Ita kanta ban gan ta ba sai da ɗan rakiyar ya miƙo mini madubin hangen nesa. Tana can tsakiyar yana, baƙa, ta dunƙule kamar ɓawon itace.