Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Mu Mutanen Jaji

A kashin da ya gabata na tsaya a inda Baba ya ɗauko keken ɗinkinsa daga ƙauyenmu na ƙasar Turunku ya sauka a Jaji, kuma na yi alkawarin shiga labarin makarantar allo. Sai dai ba zan iya tsallake garin kansa ba, domin akwai maganar da aka faɗa wa Kawu a wani zaure a birnin Zariya a 1991, ranar da ya je nema mini aure, wadda har yau ba ta bar raina ba. Bayan an gaisa an ajiye goro, baffan yarinyar ya ce: "Malam, ku yi haƙuri, ba ma ba ɗan bariki 'ya, mutumin Jaji ba shi da gari." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, mun gode," ya dawo gida da goronsa.

Wanda ya taso daga Kaduna zuwa Zariya, idan ya wuce Rigachikun da Maraban Jos da Birnin Yero, Jaji zai tarar, kuma yawancin matafiya ƙofar bariki kawai suke gani daga cikin mota. Amma kafin soja ya kafa tanti a nan, ƙasar Zazzau ce mai manomanta, Gwarawa da Hausawa, da rugagen Fulani a gefe. Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Igabi, ita ce garin da ake danganta Bakwa Turunku da shi, kuma daga wannan gida Sarauniya Amina ta fito. Da baffan nan ya natsu, da ya tuna cewa tarihin birnin da yake alfahari da shi ta ƙasarmu ya bi.

Ba na musun cewa bariki ne ya tara mu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa sojan Nijeriya ya yi yawan da bai taɓa yi ba, kuma makarantar sojan ƙasa da ke Jaji ta cika da masu zuwa kwas. A 1976 aka buɗe kwalejin horar da manyan hafsoshi, wadda Janar Obasanjo ya zo ya yi jawabi a cikinta a 1977, daga baya aka shigo da hafsoshin sama da na ruwa. Duk inda albashi yake sauka a ƙarshen wata, mai sana'a zai bi shi: mahauta, masu wanki da guga, masu tuwo, makanikai, da teloli irin Baba.

Shagonsa yana kusa da kasuwar mami, kuma a nan na san girman soja tun ban iya karatun boko ba. Kofur zai kawo kakinsa a ɗinka masa igiya biyu a hannun riga, saje igiya uku, shi kuwa hafsa yaronsa yake aikowa a rage faɗin wando ko a gyara kafaɗar da anini zai zauna. Aikina shi ne hura gawayin dutsen guga da riƙe littafin bashi, domin babu mai biya sai an yi albashi. Idan aka yi wa soja canjin wurin aiki ya tafi da kuɗinmu, Baba yakan ja layi a kan sunan da kansa ya ce, "Soja baƙo ne, wanda ya binne nasa a ƙasa, shi ne ɗan gari." Shi kuwa a maƙabartar Jaji ya binne Gwaggo da ƙannena biyu da ƙyanda ta ɗauke, kuma a nan muka kai shi.

Shekara guda bayan abin da ya faru a Zariya, ranar 26 ga Satumba 1992, jirgin soja ƙirar C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas, ɗauke da hafsoshin da suke kwas a kwalejin Jaji suna kan hanyar dawowa. Mutum fiye da 150 suka rasu. Akwai rigunan wani manjo da Baba ya gama gyarawa, na goge su na rataye a ƙusa, ana jiran ya dawo. Baba da kansa ya naɗe su a takarda ya kai wa matarsa, bai karɓi ko kwabo ba. Masu nono da masu kayan miya sun yi kuka a makon nan kamar 'yan uwansu ne suka tafi. A lokacin na so a ce baffan nan ya zo ya ga yadda mutanen da ya ce ba su da gari suke zaman makoki.

Maganar Baba ma ba kowane soja ta hau ba, domin da yawa sun yi ritaya sun ƙi komawa. Dakarkari daga Zuru, da Angasawa, da Tibi, da Bacama, da Yarabawa sun sayi filaye sun gina gidaje, 'ya'yansu da Hausa suka buɗe baki, kuma su ma sun binne nasu a nan. A Maris na 2006, wata guda bayan an tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, karo na farko a Afirka, aka yi ƙidayar jama'a, kuma ina cikin waɗanda mai unguwa ya sa su raka malaman ƙidaya gida-gida. Takardar ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, amma ni da na san masu gidajen na ga gida ɗaya mai ɗakunan haya da ya haɗa yare biyar a kan rijiya ɗaya. Sakamakon ya ba Igabi mutum sama da 430,000, kuma ina da yaƙinin cewa garuruwan bakin titi irin namu sun ɗauki kaso mai tsoka a ciki. Ɗan bariki da ba shi da gari, a ina aka ƙirga shi?

Abin da ya sauya zamanmu da bariki shi ne harin bam na ranar Lahadi 25 ga Nuwamba 2012 a cocin Saint Andrew da ke ciki. An rasa rayuka, aka tsaurara tsaro, kuma ba na ganin laifin masu tsaron. Amma ni da na girma ina ratsa bariki da kaya a ka, sai ga shi ina tsayawa a ƙofa ina nuna katin shaida ga yaron da bai kai ɗana ba. Ciniki ya ja baya, har na mayar da shagon bakin titi na koma ɗinkin kaftani da kayan makaranta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan makarantar allo, da yadda na haɗu da uwar 'ya'yana, 'yar wani samanja mai ritaya daga Zuru, wanda bai tambayi Kawu komai ba sai sana'ata da sallata.